Alwalar Baffa a Ƙofar Kotu

Littafin ba shi da bango lokacin da ya shigo hannuna, don haka har yau ban san sunansa ba, ban kuma san wanda ya rubuta shi ba. Haya na karɓo shi a wajen wani mai teburin littattafai a kasuwar Gusau, shekara biyu bayan an ba mu jiha. A lokacin kabu-kabu nake yi. Gari ya cika da sababbin ma'aikata da ba su san hanya ba, mu ke kai su ofis mu dawo da su. Tsakanin azahar da la'asar aiki yakan lafa, sai in kafe mashin a inuwa in zauna a kansa in buɗe littafi. Bokona bai yi nisa ba, a aji biyu na sakandare na tsaya, amma Hausa ina karanta ta sarai.

Labarin wani ɗan ƙauye ne da ya yi karatun lauya a birni. Ya dawo garinsu ya tarar an kulle wani mai gyaran keke, wai shi ya sa wa rumbun wani attajiri wuta. Duk garin an san ba shi ba ne, duk garin kuma an yi shiru. Lauyan ya bi mutane gida-gida, aka kore shi, aka yi masa barazana, bai fasa ba. Ranar shari'a ya tsaya gaban attajirin yana yi masa tambayoyi ƙanana masu kama da hirar banza, har mutumin ya rikice ya faɗi gaskiya da bakinsa, ɗakin kotu cike da jama'a.

Ba wayon lauyan kaɗai ya kama ni ba. Tun daga farkon littafin har ƙarshensa babu inda aka ce wa mai gyaran keken nan ya yi haƙuri. Ni kuwa da wannan kalma aka raine ni. Mai mota ya ture ka cikin kwata, a ce ka yi haƙuri. Maƙwabci ya ci iyakar gona, dattawa su zauna, a raba goro, a shafa fatiha, a tashi ba a faɗi wanda ya yi laifi ba. Ina ganin wannan rashin zuciya ne. A littafin kuwa akwai ɗaki guda da talaka zai shiga a kira abu da sunansa. Na karanta shi na sake karantawa, har mai teburin ya ce in riƙe shi kawai in riƙa biya.

Ƙauyenmu yana kusa da Kucheri. Duk Alhamis nakan koma gida in kwana in yi Juma'a. Na fara karanta wa Baba littafin a zaure bayan la'asar. Baba bai yi boko ba, amma yana da kunnen labari. Idan na zo inda lauyan ya ɗaure wani da tambaya sai ya buga cinya ya ce, "Tsaya, maimaita min wurin nan. Wanga yaro ɗan albarka ne." Inna tana jinmu daga cikin gida, takan ɗaga murya ta ce ƙaryar mutanen birni ce muke zaune muna sha, alhali awaki ba su sha ruwa ba.

Baba yana da aboki Bafulatani daga wajen Bungudu, wanda muke kira Baffa. Tun kafin a haife ni, duk shekara idan an gama kaka yakan kawo shanunsa su sauka a gonarmu. Su ci kara, su bar mana taki, Baba ya auna masa dawa, matarsa ta riƙa kawo wa Inna nono da man shanu. Shi ya ba da ragon sunana. Shanun Baba biyu suna cikin garkensa shekara da shekaru, babu shaida, babu komai. Idan suka haɗu ba sa gaisawa kamar mutane sai sun gama tsokanar juna. Baffa ya ce, "Kaɗo, har yanzu kana tonon ƙasa kamar gafiya?" Baba ya ce ai gara shi, bai taɓa kwana a tsaye don saniya tana tari ba. Sai su zauna a tabarma ɗaya su ci tuwo a kwano ɗaya.

A shekarar nan Baffa ya zo da wuri, domin ciyawa ta ƙare a wajensu. Ya kafa ruga a hayin rafi yana jiran mu kwashe amfani. Dawar gonarmu ta nesa an kayar da ita tana shan iska, ba a kai ga yanke kai ba. Wata safiya aka tarar shanu sun shiga sun ci, abin da ba su ci ba sun tattake. Sawunsu ya fita ya hau burtali, wato hanyar da aka ware wa dabbobi. Burtalin nan ya bi ta gefen rugar Baffa, amma a wannan lokaci na shekara garke-garke ne ke bi ta kansa suna yin kudu.

Baffa bai jira an aika masa ba. A ranar ya zo, suka zaga gonar da Baba. Ya ce ya tambayi 'ya'yansa, ya kuma duba da kansa, ba shanunsa ba ne. Amma ya ce abin da ya ci dawar Baba ya ci abincin gidansa shi ma, don haka zai kawo maraƙi a sayar a cike rumbu. Mai gari ya ce hakan ya yi, ranar Juma'a bayan masallaci a zauna a shafa fatiha. Da an bar su, da nan maganar ta tsaya.

Ni na iso ranar Alhamis. Da aka ba ni labari sai na ji kamar an buɗe mini littafin a gabana, domin a cikinsa ma attajirin ya aika da kyauta don a rufe baki. Na ce wa Baba: idan ba shanunsa ba ne, me ya sa zai biya? Idan kuma nasa ne, me ya sa ya ce ba nasa ba? Allah ya sani na san amsar. A gabana mutanen nan biyu suka tsufa, na ga shekarar da Baba ya kai wa Baffa dawa lokacin da ciwo ya shiga shanunsa, ba wanda ya tambayi dalili. Amma tambayar ta fi amsar daɗin faɗi, ni kuma ina son jin muryata tana faɗinta.

Baba ransa a ɓace yake, abincin rabin shekara ne ya tafi. Wasu kuma a ƙofar masallaci sun fara yi masa dariya, suna cewa an saye shi da ƙwaryar nono. Na shiga ta wannan ƙofa. Na ce masa alƙali ba kulle kowa zai yi ba, tambaya kawai zai yi, gaskiya ta fito fili, abota ma ta fi tsabta bayan nan. Inna ta fito har bakin zaure, abin da ba ta saba yi ba, ta ce da ni, "Mutumin da ya ba da ragon sunanka za ka sa a kai wa sammaci?" Na ce mata shari'a ba gaba ba ce. Wannan ma daga littafin na ɗauko shi.

Baba ya dubi ƙasa ya ce, "To, a tambaye shi kawai."

Ni na ɗauki Baba a mashin zuwa Tsafe muka shigar da ƙara. Ni kuma na ɗauki masinjan kotu zuwa ruga, don ba shi da abin hawa. Matar Baffa ta hango ni ta taso da ƙwaryar fura tana yi mini sannu da zuwa. Da ta ga mutumin da ke bayana da takarda a hannu sai ta tsaya a inda take. Duk da haka ta ƙaraso ta ajiye ƙwaryar a gabanmu. Masinjan ya sha. Ni ban iya ba.

Ranar shari'a ta faɗo ranar kasuwa, ɗakin ya cika. Ƙaramin ɗaki ne mai benci da taga biyu. Alƙalin dattijo ne mai magana a hankali. Da ya ji ƙarar, abin da ya fara tambaya shi ne tun yaushe suka san juna. Baba ya ce tun suna samari. Alƙali ya ce su fita ƙarƙashin bishiya su daidaita, zai jira su. Baffa ya dubi Baba. Baba bai ɗago ba. Ni na miƙe na ce muna son a yi shari'a, kuma ina neman izinin yi wa wanda ake ƙara tambayoyi.

Alƙali ya dube ni ta saman tabarau. "Kai ne mai gonar?"

"Ɗansa ne, Allah ya gafarta Malam."

"Lauya ne kai?"

"Kabu-kabu nake yi."

Aka yi dariya har waje. Wani daga baya ya ce to a ba shi hanya kada ya buge mutane. Alƙali ya tsawatar, ya ce in yi tambayata amma in taƙaita.

Na kwana biyu ina shirya tambayoyin nan a kan mashin, ina jera su yadda lauyan littafin yake yi, daga ƙarama zuwa babba. Na tambayi Baffa inda shanunsa suka kwana, ya faɗa. Na tambayi wanda ya tsare su, ya faɗa. Sai na kawo babbar: tunda ya ce ba shanunsa ba ne, don me ya yi alkawarin maraƙi? A littafin, a daidai nan ne mutum yake fara gumi. Baffa bai ko dube ni ba. Sai ya kalli alƙali ya ce, "Abokina ne, kuma yana da iyali." Tambayoyina sun ƙare.

Alƙali ya tambayi Baba ko akwai wanda ya ga shanun da idonsa. Babu. Sai ya yi bayani cewa wanda ya kawo ƙara shi ke kawo shaidu, idan ba shi da su, abin da ya rage masa shi ne ya nemi wanda ya musa ya rantse da Alƙur'ani. Ban san da wannan ba. A littafina babu rantsuwa, lauya ne da tambayoyi.

A wajenmu rantsuwa a gaban alƙali ba ƙaramin abu ba ne. Dattijo yakan yi fatan ya shiga kabari ba a taɓa sa shi ya dafa Alƙur'ani a kan abin duniya ba. Da yawa sukan zaɓi su biya abin da ba su ci ba a kan a rantsar da su. Wanda ya nemi a rantsar da kai kuwa ya faɗa wa duniya cewa maganarka ba ta ishe shi ba. Alƙali ya san haka, shi ya sa ya tambayi Baba, ya sake tambaya, yana jan maganar. Ya ce, "Malam, ka san abin da kake nema?"

Baba ya juyo ya dube ni. Idonsa na neman in ce masa mu tafi gida. Amma dariyar da aka yi mini tana cikin kunnena, ba na son in fita ɗakin nan hannu wofi. Na gyaɗa masa kai.

Baba ya ce, "A ba shi."

Ba a taɓa Alƙur'ani sai da alwala. Aka miƙa wa Baffa buta, ya fita ƙofar kotu. Mutane suka bar benci suka taru a taga, masu wucewa kasuwa suka tsaya da kayansu a kai suna tambayar me ya faru. Ya cire malafarsa ya ajiye a ƙasa, ya naɗe hannun riga, ya tsuguna a kan wani dutse. Bai yi sauri ba. Ya wanke hannu, ya kurkure baki, ya wanke fuska, kamar yadda na sha ganinsa yana yi a bakin rijiyarmu, sai dai yau mutane sun kewaye shi suna kallo. Baba yana zaune kusa da ni, hannunsa a kan gwiwata.

Baffa ya shigo ruwa na ɗiga daga gemunsa. Aka kawo Alƙur'ani a naɗe cikin kyalle. Ya miƙa hannu biyu zai karɓa, sai Baba ya miƙe tsaye.

"Allah ya gafarta Malam, na yafe. Na janye ƙarata. Kada a ba shi."

Na ji wani sanyi a raina. Na ɗauka Baba ya gyara abin da na ɓata.

Baffa ya ce, "A'a. A bar ni in rantse."

Alƙali ya ce rantsuwar haƙƙin mai ƙara ce, tunda ya sauke ta babu sauran magana. Baffa ya maimaita roƙonsa, muryarsa ba ta tashi ba. Alƙali ya ce masa cikin tausasawa ya tashi ya tafi gida, babu abin da ake binsa. Aka mayar da Alƙur'ani. Ya ɗan jima a tsaye hannuwansa a miƙe, sannan ya sauke su ya fita. Malafarsa ma wani yaro ne ya bi shi da ita.

Kafin mu kai inda na ajiye mashin na ji wani yana gaya wa wani cewa manomin nan mutumin kirki ne, ya ga tsohon zai rantse a kan ƙarya ya cece shi. Kafin magariba haka labarin ya zauna a ƙauyenmu: an rufa wa Bafulatani asiri. Mutane suna zuwa zaure suna sa wa Baba albarka saboda tausayinsa. Yana amsawa da kai kawai. Ba a yi mako ba muka wayi gari ɗan Baffa ya ɗaure shanun Baba biyu da ɗan da ɗaya ta haifa a ƙofar gida, ya gaida Inna ya juya. Da na je hayin rafi babu kowa, sai toka da turaku.

Na koma cikin littafin ina neman abin da ya faru bayan shari'a. Babu. Ya ƙare ne a ƙofar kotu, jama'a na ɗaga lauyan sama. Bai faɗi wanda ya gaida wa a masallaci washegari ba. Na mayar wa mai teburin kayansa. Ba zan ce na tsane shi ba, zai zama ƙarya. Har yanzu idan na tuna inda mai gyaran keken ya fito aka cire masa ankwa, ina jin daɗin a ƙirjina. Akwai mutanen da ɗakin nan ne kaɗai gatansu. Baffa dai ba attajirin littafin ba ne, kuma na san haka tun ranar Alhamis ɗin.

Kaka ta zagayo, Baffa bai zo ba. Wasu makiyaya suka nemi su sauka a gonar, Baba ya ce akwai mai ita. Kara ya bushe a tsaye har iska ta kwantar da shi. Da sanyi ya fara ja baya sai ya ce in kai shi Bungudu.

Muka bi ta Gusau, muka yi ta tambaya a kasuwar dabbobi har aka kwatanta mana rugar. Baffa ya tarbe mu da kansa. Aka shimfiɗa tabarma, aka kawo ruwa da fura. Suka gaisa gaisuwa mai tsawo, ta iyali da dabbobi da gajiyar hanya, irin wadda ake yi wa baƙo mai daraja. Baba ya cire hularsa ya riƙe a hannu, ya roƙi gafara. Baffa ya ce ya yafe tun a ranar, duniya da lahira. Baba ya ce to ya dawo, gona na nan tana jiransa.

Baffa yana zana ƙasa da tsinke ya ce:

"Da ka bar ni na rantse, da na dawo. Ko in fita da gaskiyata, ko Allah ya kama ni kowa ya gani. Kai ka tsayar da ni a tsakiya. Yanzu in na shiga garinku, yaro ƙarami ya san ni ne wanda aka ji wa tausayi."

Baba ya ce zai tsaya a masallacin Juma'a ya faɗa wa kowa cewa ba shanunsa ba ne.

"Mi za ka ce masu? Kai ma ba ka sani ba."

Gaskiya ne, ba mu sani ba, har yau kuma ba wanda ya san shanun da suka shiga gonar nan. Na matso na durƙusa na fara cewa laifina ne, ni na zuga Baba, ni na gyaɗa kai. Baffa ya ɗaga hannu ya tsayar da ni. Ya ce wa Baba ai yaro ne, ba a riƙe yaro. Ina da mata da ɗa a lokacin. Sai ya tambaye ni ko mashin ɗin nawa ne ko na haya, ya yi mini addu'ar Allah ya tsare hanya. Ya raka mu har bakin turba. A hanyar dawowa na ji goshin Baba a bayana tun daga Gusau har gida.

Da damina ta kankama, Inna ta dawo daga kasuwar Tsafe wata ranar da na zo gida. Wata mai tallan nono ce ta gaya mata Baffa ya rasu tun kafin shuka. Baba yana zaure yana sa wa fartanya ƙota. Ya ajiye ta ya yi salati, ya yi masa addu'a. Can ya tambayi Inna, "Ba su aiko ba?" Ta ce ba su aiko ba.

Ya ce in tayar da mashin. Ya shiga ciki ya sa babbar rigarsa ta zuwa ta'aziyya, ya fito ya tsaya kusa da ni, hannunsa ɗaya a kan kujerar baya. Na jira ya hau. Bai hau ba.

Ya ce, "In na je, in ce masu ni wane ne?"

Ya koma ya zauna a kan dakali da rigar a jikinsa. Na bar injin yana aiki ko zai sake shawara, har ya ɗaga mini hannu ya ce in kashe.